Aikin ne yake cinye ni, ko ni ce na cika raki?

'Yar Kanta ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, amma yau tura ta kai bango, shawara nake nema.

Kashiya ce ni a wani banki a Kano, shekara huɗu ke nan. A takarda ni ba ma'aikaciyar bankin ba ce. Wani kamfani ne ya ɗauke mu ya kawo mu, shi yake biyanmu, duk shekara kuma sai an sabunta kwantiragi. Kanta ɗaya muke zama da wadda bankin ya ɗauka da kansa, kuɗi ɗaya muke ƙirgawa, amma albashinta ya ninka nawa, tana da ƙarin girma, ni kuwa inda na fara nan nake.

Ƙarfe 6:30 nake barin gida, adaidaita biyu nake hawa. Ƙarfe 7:15 akwai mitin, 8:00 a buɗe ƙofa. Daga nan ban da ta kaina. Abincin da na zo da shi a kula sau da yawa haka nake mayar da shi gida. Azahar sai na roƙi wata ta riƙe min kanta, wani lokaci a haɗe da La'asar nake yin ta. Ana rufe ƙofa ƙarfe 4:00, amma ba mai tafiya sai lissafin kowa ya daidaita, don haka Magariba a ofis, wata rana har Isha.

Abin da ya fara karya ni wata Alhamis ce. Na rufe lissafi na ga giɓin naira 50,000. Na kwance ɗaurin kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na cire robobin, na zuba a injin ƙirga, na sake bi da hannu har yatsuna suka yi baƙi. Na zazzage durowa, na duba kwandon shara, na bi takardun ajiya da na cira tun na safe. Kowa ya gama nasa an tsaya a kaina ana kallo. Ba a samu kuɗin ba. Aka ba ni takardar tuhuma, aka cire su daga albashina cikin wata biyu. Tun daga ranar ba na miƙa wa kwastoma kuɗi sai na ƙirga sau uku, layi ya yi ta tsaki, oga ya zo ya ce na cika nawa. Da dare kuma ƙirgar nake yi a mafarki.

Sai ga lokacin canjin kuɗi, watan Fabrairun 2023. Duk wanda ya yi aikin kanta a lokacin ya san abin da nake nufi. Mutane sun kwana a layi, mu kuma abin da aka ba mu mu raba bai taka kara ya karya ba. Wani bawan Allah da matarsa ke asibiti ya dinga dukan gilashin gabana da tafin hannu yana ce min azzaluma, ni kuwa ko a jakata ba ni da takardar 500 ta mota. Ranar ta ƙofar baya muka fita, na cire katin aiki na cusa a jaka, na zumbula hijabi. Washegari muka dawo aiki kamar ba a yi komai ba. Har yau ba wanda ya tambaye mu yaya muka kwana.

Ga kuma taget. An ce kowane wata in kawo sababbin asusu, alhali daga safe zuwa dare ina manne da kujera. Sai Asabar in bi shaguna a Kantin Kwari da Sabon Gari ina roƙon mutane. 'Yan uwana kaf na buɗe musu, har kakata. Ƙarfe 10 na dare oga zai turo jerin sunaye a guruf ɗin WhatsApp, waɗanda ba su cika ba da jan rubutu. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai akwai mutum dubu a waje masu jiran kujerata.

Yanzu ranar Lahadi da an yi La'asar ƙirjina zai fara nauyi. Ƙarfe 3 na dare nake farkawa gabana yana faɗuwa. Na auna jini a kemis an ce ya hau, shekarata 31. Abin da ya fi ƙona min rai, makon jiya ɗana mai shekara biyar ya zubar da shayi, na daka masa tsawar da sai da ya ɓuya a bayan ƙofa. Ni ba haka nake ba.

Mama ta ce in gode wa Allah, wasu da digiri biyu suna zaune. Gwaggo ta ce a kai ni ruƙiyya. Maigidana ya ce in ajiye, amma na san albashinsa ba zai ɗauke mu ba, kuma ni ke biyan kuɗin makarantar ƙanena. Don Allah ku gaya min gaskiya: raki ne da rashin tawakkali, ko kuwa aiki yana iya yi wa mutum haka? Kuma me zan yi?

Mai Shago a Wambai ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ni ban taɓa aikin ofis ba, amma na san babu neman halak da ba shi da ɗaci. Shawarata ɗaya, kada ki saki reshe ki kama ganye. Yadda garin nan yake tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda ya bar aiki bai samu wani ba zai iya shiga damuwar da ta fi ta farko. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki dinga neman wani aikin a hankali. Haƙuri ba ya ɓaci.

Anti Nas ta rubuta:

Ƙanwata, na karanta saƙonki sau biyu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma irin labarinki na ji shi daga bakin malaman makaranta, 'yan sanda, direbobin tirela, har da 'yan uwana masu farin kaya. Ba raki ba ne. Mai raki ba ya shekara huɗu yana tashi da asuba yana wannan aikin.

Bari in nuna miki wani abu a cikin labarinki da kanki. Yawan aiki kaɗai ba shi ne ya fi cin mutum ba. Manomi da damina ya fi ki zufa, amma shi yake yanke lokacin da zai zauna a inuwa. Abin da ke karya mutum shi ne a ɗora masa alhakin abin da ba shi da iko a kai. Ba ke kika hana kuɗi a 2023 ba, amma ke aka zaga. Ba ki da lokacin fita neman kwastoma, amma sunanki ake sa wa ja. Ko lokacin sallarki sai kin roƙa. Wani masani a Amurka, Robert Karasek, ya bayyana wannan tun 1979: aiki mai yawan buƙata, ga ƙarancin ikon yanke shawara, shi ne mafi hatsari. A Ingila ma an daɗe ana bin lafiyar ma'aikatan gwamnati na Landan, binciken da ake kira Whitehall. Mutane sun ɗauka manyan da ke ɗauke da nauyin ofis su ne ciwon zuciya zai fi kamawa. Sai aka ga akasin haka, na ƙasa ne suka fi mutuwa da wuri, kuma rashin iko a kan aikinsu na cikin dalilan.

Abu na biyu, wahala ba tare da sakamakon da ya dace da ita ba. Ba kuɗi kaɗai ba, har da mutunci da tabbacin cewa gobe kina da aiki. Kina kallon ta kusa da ke tana karɓar ninkin naki, ke kuma duk ƙarshen shekara zuciyarki na dukan uku-uku ko za a sabunta takarda. Wannan ma yana cin rai a hankali kamar gara. Sai ki haɗa da tsawon lokaci. Ki lissafa, daga 7:15 zuwa 7 na dare kwana biyar, ga Asabar, kin haura awa 55 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 hatsarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2016 kaɗai. Shi ya sa hawan jininki a shekara 31 ya fi komai tsaya min a rai.

Su dai waɗannan hukumomin biyu, a 2022, sun ce ana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara a duniya saboda ciwon damuwa da fargaba. Kuma abin da suka sa a gaba shi ne a gyara yanayin aikin, a koya wa shugabanni yadda ake tafiyar da mutane. Na faɗi haka ne don wasu wuraren sai su kira mai lacca ya ce ku dinga jan numfashi kuna shan ruwa, washegari a turo jan rubutu ƙarfe 10.

Yanzu abin da nake so ki yi, ba gobe ba. Ki je asibiti ki ga likita, ba kemis ba, a auna jinin nan yadda ya kamata sau da yawa. Ki gaya masa batun barcin da faɗuwar gaban kamar yadda kika gaya mana, kada ki tsaya a ciwon kai kawai, don haka mutanenmu suke yi sai a ba su farasitamol su dawo. In ya tura ki sashen ƙwaƙwalwa kada ki ji wani iri. Akwai shi a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, na Kaduna suna da na tarayya a Barnawa, na Sakkwato suna da Kware. Yawancin waɗanda ke zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma aiki. Kuma ina roƙonki kada ki fara sayen maganin barci a kan kanta, na ga inda wannan hanya take kaiwa. In kuma akwai ranar da kika ji gara ma a ce ba kya raye, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ranar za ki gaya wa maigidanki ku tafi asibiti.

Batun addu'a, ki riƙe ta da kyau. Ba ta hana magani, magani ba ya hana ta. Wanda ƙashinsa ya karye yana addu'a kuma yana zuwa wurin ɗori.

Tsohon Ɗan Ƙungiya ya rubuta:

'Yata, na yi shekara 28 ina aiki, rabinsu a harkar ƙungiyar ma'aikata, yanzu na yi ritaya ina kiwon kaji. Nas ta gama magana ta fannin lafiya, ni ta fannin haƙƙi zan yi, domin abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu ba su san abin da doka ta ba su ba, shi ya sa kowane oga yake zama sarki.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, kuma a fahimtata kashiya tana ciki. Ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ki sharuɗɗan aikinki a rubuce. Ta ce wanda zai yi awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya. Tana ba da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashi in likita ya ba da takarda, da hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12. Batun cire kuɗi kuwa, ba a yarda abin da za a cire a wata ɗaya ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi ba. Ki ɗauko takardar albashinki ta watannin nan biyu ki lissafa.

Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita. Mutane sun ɗauka sai inji ya cire wa mutum yatsa. A'a, sashe na 8 ya ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, in likita ya tabbatar, har da inda aka canja wa ma'aikaci tsarin aiki ya fi ƙarfinsa ba bisa adalci ba. A 2022 Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki. A Janairun 2023 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Ba zan yaudare ki ba, doka a takarda daban, a ƙasa daban, musamman ga ɗan kwantiragi. Da gangan ake wannan tsarin na kawo ku ta hannun wani kamfani: in kin yi kuka banki ya ce ba ma'aikaciyarsa ba ce, kamfani ya ce ba shi ya ba ki taget ba. Na sha zama a teburin sulhu ina kallon ana wannan wasan ƙwallo da rayuwar yara. Amma ba a banza take ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, kuma abin da take ci shi ne hujja. Don haka daga yau ki sayi ƙaramin littafi. Lokacin shiga, lokacin fita, ranar da ba ki samu hutu ba, duk ki rubuta. Saƙonnin dare ki ɗauki hotonsu ki ajiye a wani wuri da ba wayar ofis ba. Takardar likita ki yi mata kwafi. Ko ba ki je kotu ba, wanda ya zo da littafi ba a yi masa magana kamar wanda ya zo da hawaye kawai.

Kuma kada ki je wurin oga ke kaɗai. Ku nawa ne 'yan kwantiragi a reshen? Ku haɗu ku nemi abu ɗaya ƙarami da zai yi wuya a ce a'a, misali jadawalin karɓa-karɓa na minti 30 don salla da abinci. Ki nemi jami'an NUBIFIE, ƙungiyar ma'aikatan bankuna da kamfanonin inshora, ki ji ko suna da hanyar shigar da irinku. Tsintsiya sai da ɗauri take shara.

Abu na ƙarshe, don ki san ba a nan kaɗai ake wannan ba. A Faransa, kamfanin sadarwa na France Télécom ya so rage dubban ma'aikata, sai aka dinga matsa musu da canjin wuri da wulaƙanci don su tafi da kansu. Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. A Disambar 2019 kotu ta samu tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da laifin muzgunawa. A ƙasar ce kuma tun 2017 doka ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan an tashi. Duk lokacin da na ji labarin guruf ɗin ƙarfe 10 na dare sai na tuna da wannan.

Ɗan Shifta ya rubuta:

Yaya, ni a kamfanin leda nake a Sharaɗa. Awa 12 muke yi, mako ɗaya rana, mako ɗaya dare. Kafin jikinka ya saba da barcin rana an juya ka. Ƙarar inji kuwa ko na dawo gida tana cikin kunnena, matata sai ta yi magana sau biyu. Abokin aikina da muke layi ɗaya ya fara shan tiramol don ya iya kai safiya, daga ƙwaya ɗaya ya koma uku, yanzu ba ya aikin, ba ya kuma barin ƙwayar. Da na karanta saƙonki sai na ga ashe masu zama a cikin sanyin AC ma suna farkawa ƙarfe 3 irin tawa. Ni dai abin da ya ɗan taimake mu, mun je mu bakwai muka roƙi a dinga juya shifta bayan mako biyu maimakon ɗaya, kuma an yarda. Maganar Baba Ɗan Ƙungiya gaskiya ce, da ni kaɗai na je da tuni an nuna min ƙofa.

'Yar Kanta ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti, wallahi da na kai inda kika ce alhakin abin da ba ni da iko a kai, sai da na ajiye wayar na yi kuka, don shekara biyu ina neman yadda zan faɗi wannan na kasa. Na karanta wa maigidana saƙonki, ya ce ranar Talata zai raka ni asibiti. Na riga na rubuta takardar neman izinin safiyar. Maganin barcin da kika yi magana, gaskiya na saya sau biyu, sauran yana jakata, zan tafi da shi in nuna wa likita.

Baba, na duba takardun albashin. Abin da aka cire a wata na farko ya ɗan haura kashi ɗaya bisa uku. Mu biyar ne 'yan kwantiragi a reshenmu, na yi wa biyu magana yau a wurin alwala, ɗaya ta ce ita ma ba ta barci, ɗayar tana tsoro ta ce in bari sai an sabunta mana takarda a watan gobe. Shin mu jira a sabunta ɗin kafin mu kai maganar jadawalin salla, ko mu kai yanzu? Kuma in za mu rubuta, wa za mu sa wa suna a sama, manajan reshe ko kamfanin da ya kawo mu?